LAFIYA UWAR JIKI: Tsatsar ƙwaƙwalwa da kwalaben da ake tallata wa tsofaffinmu

A wannan sati filin namu zai tsaya ne kan wata kalmar Nasara da ta shigo kasuwanninmu ba tare da sallama ba, wato «antiokisidan». Ana ganinta rubuce da manyan baƙaƙe jikin kwalabe da kwalaye masu ƙyalli, a farmasi, a farantin ƴan talla, har da cikin jakar ma'aikacin da ke zagaya burorin gwamnati yana sayar wa abokan aikinsa bashi zuwa ƙarshen wata. Masu tallar suna cewa ƙwayar tana wanke ƙwaƙwalwa, tana maido wa tsoho tunaninsa, tana tsaida karkarwar hannu. Waɗanda suka fi saye kuwa su ne ku, ƴan kasuwa da ma'aikata, domin ku ne kuke da iyaye a Filinge, a Shikal, a Tukunus, a Bonkuku, kuma ku ne ake kira idan Baba ya fita sallar asuba ya kasa gane hanyar gida, ko Inna ta fara tambayar ɗiyarta ta cikinta: «ke ɗiyar wa ce?» Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ciniki, abin da aka ce ya biya shi zai biya. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba abin da masana suka gano, tun kafin a kai saniyar gado kasuwar Balayara ranar Lahadi.

Mu fara da ciwon kansa. Abin da muke kira rikicin tsufa, ko gigin tsufa, likitoci sun rarraba shi gida-gida. Mafi yawa shi ne wanda ke ɗauke da sunan wani lokotoro Bajamushe, Alzheimer, wanda a 1901 aka kawo masa wata mata mai shekara 51 da ta manta komi, ya bi ta har ta rasu, ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ba da bayani a 1906. Ciwon karkarwa kuma, mai sa hannu rawa da jiki ya sandare da tafiya ta koma ja da ƙafa, wani lokotoron Ingila mai suna Parkinson ne ya siffanta shi tun 1817. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda yawansu ya kai miliyar 86, suna mutuwa sannu a hankali, kuma wadda ta mutu da wuya a sami madadinta. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da rikicin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Masu ciwon karkarwa kuma sun haura miliyan 8 da rabi a 2019.

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne. A'a. A Zariya, cikin ƙasar Hausa, likitoci sun auna tsofaffi 322 a gidajensu, suka buga sakamako a 2011: kusan 3 cikin 100 suna da ciwon, kuma kashi biyu cikin uku na waɗannan irin na Alzheimer ne. Kafin nan an yi wani dogon bincike tun daga 1992 tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanapolis na Amurka, aka tarar a kowace shekara ciwon yana kama 1,35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan, alhali a can yana kama 3,24. Wato a wannan yanki namu ya fi sauƙi, amma yana nan. Kuma a Nijar, inda lokacin samun ƴancin kai a 1960 tsawon ran mutum a ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Tsofaffi suna ƙaruwa, alhamdu lillahi, ciwon tsufa kuma yana biye da su.

To, mene ne haɗin wannan da tsatsa? Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da goro ya riga ya san rabin darasin. Ka ɓara farin goro ka aje, kafin ka gama gaisuwa fuskarsa ta yi ja; shi ya sa ake lulluɓe huhu da ganye ana yayyafa ruwa. Hauyar da aka bari a gona damina ta wuce a kanta takan yi tsatsa. Man gyaɗar da ya daɗe a buɗe yakan canja ɗanɗano. Aikin abu guda ne, iskar okisijan, wadda muke shaƙa mu rayu. Cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai ƴan ƙananan murahu da ke ƙona abinci da wannan iska domin a sami ƙarfi, kuma kowane murhu yana fidda tartsatsi. Tartsatsin nan, idan ya faɗa kan kitsen da ke lulluɓe da ƙwayar, ko kan sinadaran gado da ke cikinta, sai ya ɓata su. Allah cikin hikimarsa ya sa wa jiki masu kashe wannan tartsatsi, wasu jiki ke ƙera su da kansa, wasu daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Su ne antiokisidan. A 1956 wani masani na Amurka, Denham Harman, ya ce tsufa kansa ba komi ba ne illa taruwar wannan ɓarna shekara da shekaru. A 1969 kuma aka gano wani sinadarin da jiki ke yi wanda ba shi da wani aiki sai kashe tartsatsin, abin da ya nuna cewa maganar ba tatsuniya ba ce.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta fi kowace gaɓa shiga haɗari. Nauyinta kashi 2 ne kacal cikin 100 na jiki, amma tana cin kashi 20 na okisijan da muke shaƙa. Cike take da kitse mai saurin ɓaci. Kuma akwai baƙin ƙarfe a cikinta, musamman a wani ɗan wuri mai duhu da ke can ƙasa, wanda shi ne ke mutuwa a ciwon karkarwa. Abubuwa biyu suka ƙara wa masana ƙarfin gwiwa. A 1982, a jihar Kaliforniya, wasu samari masu shan miyagun ƙwayoyi suka yi wa kansu allurar wata hodar da aka gurɓata, cikin ƴan kwanaki suka sandare kamar tsofaffi masu ciwon karkarwa. Da aka bincika sai aka ga gubar murahun nan na cikin baƙin wurin ta toshe. A 1993 kuma aka gano cewa a wasu zuri'o'i masu gadon wani ciwon shanyewar jijiyoyi, aibin yana ga wannan sinadari mai kashe tartsatsi da aka gano a 1969. Duk wanda ya ji wannan zai ce magana ta ƙare: tun da tsatsa ce, a ba mutane maganin tsatsa. Haka masana da kamfanonin magani suka ce, kuma suka zuba dukiya mai yawa.

A nan ne labari ya sha bamban, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan. Da farko a san yadda ake gwada magani, domin shi ne ma'aunin da za mu auna kowace kwalba da shi. Ana tara marasa lafiya ɗaruruwa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su ƙwayar da ta yi kama da shi amma ba komi cikinta. Mara lafiya bai san wadda ya sha ba, lokotoron da ke auna shi ma bai sani ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyar a buɗe takardu a ƙirga. Dalilin wannan wahala shi ne, ɗan Adam idan ya biya kuɗi ya sa rai yakan ga sauƙi ko babu shi, kuma rikicin tsufa ciwo ne mai kwana mai daɗi da kwana mara daɗi. Ranar da tsoho ya wayi gari da hankalinsa sai a ce kwalba ce, ranar da ya ruɗe sai a ce an yi masa baki.

An gwada bitamin E kan masu ciwon karkarwa 800 a Amurka da Kanada, awo mai yawan gaske kullum. Sakamakon da ya fito a 1993 ya nuna bai rage komi ba. An gwada shi kan mutum 769 da mantuwa ta fara taɓawa, har shekara uku, domin a ga ko zai hana su faɗawa cikin ciwon Alzheimer. A 2005 aka ce bai hana ba. Gaskiya ɗaya da za a faɗa masa ita ce, a gwaji biyu, na 1997 da na 2014, wanda na biyun ya ƙunshi tsofaffin sojan Amurka 613 masu ciwon, ya ɗan jinkirta lalacewar ayyukan yau da kullum, kamar wanka da sa tufafi, da kimanin wata shida. Tunani kuwa bai dawo ba. Ganyen itacen ginko, wanda har yau yana cikin abin da aka fi tallatawa da sunan maganin mantuwa, an ba tsofaffi sama da 3 000 a Amurka wajen shekara shida, aka kuma ba wasu 2 854 a Faransa shekara biyar; a 2008 da 2012 amsa ɗaya ta fito, bai hana ciwon ba. Wani sinadari mai suna Q10, da aka sa wa rai ƙwarai domin cikin murhun kansa yake aiki, an gwada shi kan masu karkarwa 600, aka tsaida gwajin tun bai kai ƙarshe ba don an ga ba inda za shi. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na likitocin birnin Lil na Faransa. Sun yi tunani mai kyau: tun da baƙin ƙarfe ke hura wutar tsatsa, a ba da maganin da zai kwashe ƙarfen daga ƙwaƙwalwa. Suka gwada kan mutum 372 da ciwon karkarwa bai daɗe da kama su ba. Ƙarfen ya ragu kamar yadda suka so, amma a 2022 suka sanar da duniya cewa waɗanda suka sha maganin sun fi waɗanda ba su sha ba taɓarɓarewa. Sun faɗi gaskiya ko da ta ɓata musu aikin shekaru, kuma wannan abin a yaba ne. Ban taɓa jin mai tallar kwalba ya yi irin wannan sanarwa ba.

Kada kuma a ce ai ko bai yi magani ba, ba ya cutarwa. A ƙasar Finlanda an gwada sinadarin da ke sa karas ja, wanda shi ma antiokisidan ne, cikin wani bincike na mashaya taba 29 133 domin a kare su daga kansar huhu. A 1994 aka tarar kansar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha. A wani gwaji na maza sama da 35 000, bitamin E ya ƙara kansar mafitsara ta maza, wato ta prostat, da kashi 17, kamar yadda aka bayyana a 2011. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Me ya sa abin da ya yi kyau a takarda ya ƙi yin kyau a jikin mutum? Dalili na farko kowane mai kai kaya iyaka zai gane shi. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tsananin tsaro, duwan da ba ya karɓar na goro. Mafi yawan magunguna a nan ake sauke su, ba su ƙetarawa. Wanda ya ƙetara ma sai ya shiga cikin ƙwayar, ya isa bakin murhu, a daidai lokacin da tartsatsi ya tashi, alhali tartsatsin ba ya ko kai ƙiftawar ido ya yi ɓarnarsa. Na biyu, ana zuwa a makare. Ranar da hannu ya fara karkarwa, wajen rabin ƙwayoyin baƙin wurin nan sun riga sun mutu, ciwon Alzheimer kuma yakan yi shekara 15 zuwa 20 yana saƙa a ɓoye kafin a ga alama. Ihu ne bayan hari. Na uku, wanda ya fi ba masana mamaki: ashe tartsatsin yana da amfaninsa. Da shi sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma shi ne saƙon da ke gaya wa jiki ya ƙara ƙarfin garkuwarsa. A Jamus, a 2009, an nuna cewa samarin da ke motsa jiki suna shan bitamin C da E da yawa sun rasa wani ɓangare na ribar motsa jikin. Sai kuma tambayar da har yanzu ake gardama a kanta: shin tsatsar ita ce wutar, ko kuwa hayaƙin wata wuta ce da ke ci a wani wuri? Mai korar hayaƙi da mafici bai kashe gobara ba. A kan ɓeraye dai magunguna da yawa sun yi aiki, amma ɓera shekara biyu yake yi a duniya. Cikin magunguna 244 da aka gwada domin ciwon Alzheimer daga 2002 zuwa 2012, na tsatsa da waɗanda ba na tsatsa ba, ɗaya tak ya sami izinin shiga kasuwa.

Duk da haka ba a tashi hannu banza ba. Japanawa suna da wani magani, edarabon, da suke ba masu shanyewar ɓarin jiki tun 2001. Da aka gwada shi kan mutum 137 masu ciwon shanyewar jijiyoyin nan da muka ambata, ya rage saurin ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin uku a wata shida, Japan ta amince da shi a 2015, Amurka a 2017. Amma wani gwajin da aka yi a Turai da irinsa na sha bai nuna amfani ba a 2024, don haka maganarsa ba ta zauna ba tukuna. Dabarar da ta fi ɗaukar hankali yanzu ita ce a daina ɗauko ruwa daga waje ana watsa wa tartsatsi, a tada masu kashe gobara na cikin gida. Akwai wani mabuɗi cikin ƙwayar jiki wanda idan aka murɗa shi, jiki da kansa yake ƙera antiokisidan iri-iri a inda ake bukata. Wani magani da ke murɗa wannan mabuɗi, Skyclarys, ya sami izini a Amurka a watan Fabrairu na 2023 domin wani ciwon gado na jijiyoyi mai kama yara da samari. Ya rage saurin ciwon, bai warkar ba; ciwon kusan ba a ganinsa ga baƙar fatar Afirka; kuɗinsa na shekara ɗaya kuwa, lokacin da ya fito, dalar Amurka 370 000 ne, wato sama da sefa miliyan 200. Ku auna wannan da kwalbar jika goma sha biyar da aka ce tana yin abin da ya fi haka.

Yanzu mu dawo gida, domin na san abin da ke ran mai karatu na Kurfai: ina labarin itatuwanmu? Ba a raina su ba. Tun 1980 wata tawagar masana ƙarƙashin Farfesa Adjanohoun ta zagaya Nijar ta rubuta itatuwan magani da yadda masu maganin gargajiya ke aiki da su, kuma masana ilimin sinadarai na jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992, sun daɗe suna tace ganyaye da saiwoyi suna auna abin da ke ciki. Sabara, wadda ta cika jigawan da ke gefen Dallol Boso, kuma kowace mai jego ta san ta, an samu sinadarai masu kashe tartsatsi da ƙarfi a cikinta. Haka ganyen zogale, haka garin ƴaƴan kuka, wanda Turai ta buɗe wa kasuwarta a 2008, haka jan zoɓorodo na yakuwa, haka karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Duk gaskiya ne. Sai dai a lura da inda aka auna ƙarfin: cikin ƴar kwalbar gilashi ne a ɗakin bincike, inda ba ciki mai narkarwa, ba hanta mai tacewa, ba duwan. Ma'aikatar noma ta Amurka ta daɗe tana buga wani jadawali na ƙarfin antiokisidan na kowane abinci, a 2012 ta janye shi ɗungurungum, ta ce lambobin ba su nuna abin da ke faruwa cikin jikin mutum, kuma ƴan talla suna ruɗin jama'a da su. Saboda haka a ci kopto na zogale, a sha miyar kuka, a sha zoɓo. Abinci ne mai kyau, mai arha, wanda bai taɓa tsiyata kowa ba. Amma wanda ya ɗura garin zogalen nan namu cikin ƴan ƙwayoyi a wata ƙasa, ya maido mana shi da tsadar zinariya da sunan maganin mantuwa, bai da gwaji ko ɗaya irin waɗanda muka lissafa da zai nuna.

Ba ina nufin itacen Afirka ba zai zama maganin ƙwaƙwalwa ba. Ya ma taɓa zama. Wani wake mai dafi na ƙasar Kalaba a Najeriya, wanda a da ake ba wanda ake tuhuma da maita ya ci a gaban shari'a, daga cikinsa aka fidda wani sinadari a 1864. Daga samfurinsa ne aka ƙera ribastigmin, ɗaya daga cikin ƴan magungunan da ake ba masu ciwon Alzheimer tun ƙarshen shekarun 1990, mai ɗan farfaɗo da tunani na wani lokaci ba tare da tsaida ciwon ba. Sama da shekara 130 tsakanin wake da ƙwaya! Akwai kuma darasin Abuja, inda cibiyar binciken magunguna ta gwamnatin Najeriya ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, har da karan dafi da kanumfari a ciki, ta gwada shi kan masu ciwon amosanin jini, ya nuna amfani, aka fara sayar da shi a 2006. Cikin ƴan shekaru kamfanin da aka ba aikin ya karye, magani ya ɓace daga kasuwa. Kimiyya ta yi nata, sha'anin kuɗi da riƙon amana suka kada shi. Wannan magana ce ta ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, ba ta masu farar riga kaɗai ba. A ganina, idan ƙasarmu za ta sa kuɗi a wannan fage, to ta sa su inda za a kai sabara ko waninta har ga gwaji na gaskiya kan mutane, ko da itace ɗaya ne cikin shekara goma, maimakon a yi ta auna ganye ɗari cikin gilashi ana buga takardun da ba mai karantawa sai masu neman ƙarin girma.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannunmu, kuma shi ne abin da masu talla ba su faɗa domin ba riba cikinsa. Wani kwamitin masana na duniya ya lissafa a 2024 abubuwa 14 waɗanda, in an kau da su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na rikicin tsufa: cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, taba, rashin zuwa lakwal, kurumtar da ba a kula da ita ba, yanar ido, bugun kai irin na mai kabu-kabu da ba ya sa hular kwano, da zaman kaɗaici. Hawan jini shi ne babba a wurinmu. Binciken da aka yi a Nijar a 2007 ya nuna kimanin baligi 1 cikin 5 yana da shi, da yawa kuma ba su sani ba. Ku ji abin da aka yi a ƙauyukan Sin: an ɗauki ƙauyuka 326, mutum kusan 34 000 masu hawan jini, a rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba lokotoro ba ne, aka ba su na'urar awo da ƙwayoyi masu arha, suna bin mutane suna aunawa. Bayan shekara huɗu, kamar yadda aka buga a 2025, rikicin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a waɗannan ƙauyuka. Babu wata ƙwayar antiokisidan da ta taɓa nuna irin wannan. Mu ma muna da ƴan ɗakunan shan magani na ƙauye da aka gina tun daga 2001. Ƙwayar wata guda ba ta kai kuɗin kwalba ɗaya ta ƴan talla ba. Ma'aikacin da ke aika wa mahaifinsa kuɗi duk wata, ya tambaya yaushe rabon da a auna jinin tsohon. Zoɓon da muka ambata ma, abin da gwaji ya tabbatar masa shi ne ɗan rage hawan jini, in ba a cika masa sukari ba. Ba ya maye gurbin ƙwayar likita.

Ga masu karkarwa akwai magani tun shekarun 1960, lebodopa, wanda ba ya tsaida ciwon amma yakan maido wa mutum tafiyarsa da cin abinci da hannunsa shekaru da dama. Wahalar ita ce likitocin jijiya ƴan kaɗan ne kuma yawancinsu suna Yamai, kimanin kilomita 180 daga Filinge, a kan hanyar da rashin tsaro na shekarun nan ya sa kowa ke tunani kafin ya hau ta. Duk da haka kuɗin mota sun fi kuɗin kwalba amfani, domin wata ruɗewar ma ba rikicin tsufa ba ce: ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, jinin da ya taru cikin kai bayan faɗuwa, baƙin ciki mai tsanani, duk suna kama da shi kuma ana maganinsu. Tsohuwar da ke fita da dare tana sambatu mara lafiya ce, ba mayya ba ce. Duk mai faɗa a ji a unguwa ya tsaya mata.

Magana ta ƙarshe taku ce, masu shagunan kayan noma. Akwai wani maganin kashe haki mai suna parakwat, wanda aikinsa cikin ganye shi ne haddasa wannan tartsatsi da muka yi ta bayani har ganyen ya ƙone. Masu bincike ma da shi suke jawo wa dabbobin gwaji lalacewa irin ta ciwon karkarwa. Wani bincike kan manoman Amurka a 2011 ya nuna masu aiki da shi sun fi sauran kamuwa da ciwon har ninki biyu da rabi. Turai ta hana shi a 2007, ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suka hana shi a 2011, Faransa kuma tun 2012 tana lissafa ciwon karkarwa cikin cututtukan da aikin gona da magungunan feshi ke jawowa, tana biyan manomi diyya. Amma magungunan feshi marasa izini suna ƙetaro iyaka suna shiga kasuwanninmu, kuma yaron da ke feshi a fadama ko a lambun rani sau da yawa ba safar hannu, ba abin rufe hanci, da ƙafa ba takalmi. Kafin ka karɓi katan daga hannun dillali, juya galan ɗin ka karanta sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasa, ka kuma nemi lambar izinin kwamitin Sahel; in ka ga parakwat, ko ka rasa lambar, mayar masa da kayansa.